Kiri-kiri da Aya-aya a Gindin Itatuwa: A San Abokin Gaba Kafin a Ɗauki Makami

Da wuya a sami makarantar sakandaren da ba ta da ɗan lambu, ko da kuwa bai wuce jerin lalle a bakin ofishin shugaban makaranta da 'yan gwaiba da zogale a bayan ɗakin gwaje-gwaje ba. Akan dasa waɗannan ƙananan itatuwa da murna a farkon damina, a kewaye su da ƙaya saboda awaki, a raba wa ɗalibai aikin ban-ruwa. Amma kafin shekara ta kewayo sai a ga wata koriyar tabarma ta shimfiɗu a gindinsu, ta kutsa tsakanin rassa, ta haye shingen. Itatuwan su tsaya cak, ganyensu ya koɗe, wasu ma su bushe. Idan aka durƙusa aka duba tabarmar nan, sau da yawa ciyayi biyu za a tarar a cikinta, wato kiri-kiri da aya-aya.

Abin da muka saba yi bai wuce ɗayan biyu ba. Ko dai a tara ɗalibai ranar shara a miƙa musu fartanya su kankare wurin tas, ko kuwa a aika kasuwa a sayo maganin ciyawa a fesa. Bayan mako biyu ko uku ciyawa ta dawo, wani lokaci har ta fi da yawa. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, hanyoyin nan biyu, a yadda muke bin su, asarar ƙarfi ce da dukiya, ta biyun kuwa har da sayar da rai. Ciyayin nan suna da rauni, kuma yanayin ƙasarmu ya ba mu makaman da suka dace da raunin nasu ba tare da ko kwabo ba. Abin da ya rage mana shi ne sanin yadda suke rayuwa, da haƙurin bin su har damina biyu. Ina kuma ganin babu wurin da ya fi cancanta a koyar da wannan sani kamar lambun makaranta.

Su Wane Ne Abokan Gabar?

A shekarar 1977 wani masanin ciyayi ɗan Amurka mai suna LeRoy Holm, tare da abokan aikinsa, suka wallafa littafi a kan ciyayin da suka fi addabar manoma a duniya. Aya-aya ce ta zo ta ɗaya, domin an same ta tana cutar da amfanin gona iri 52 a ƙasashe 92. Kiri-kiri ne ya bi mata a matsayi na biyu. Tofa, wadda manoman fadama suka san halinta, ita ce ta bakwai. Saboda haka ɗalibin da ya gaji da cirar ciyawa a gindin lalle ya sani cewa da manyan zakaru yake karawa.

Kiri-kiri, wanda masana ke kira Cynodon dactylon, yana tafiya ta hanya biyu. Yana da yaɗo a bisa ƙasa, yana kuma da wani fari mai tauri da ke ratsawa ta ƙarƙashinta. Jama'a kan ɗauki wannan na ƙarƙashin a matsayin saiwa, alhali kuwa kara ne sosai, mai gaɓoɓi irin na rake. A kowace gaɓa akwai ido, kowane ido kuma yana iya fitar da saiwa da toho ya zama tsiro mai cin gashin kansa.

Ita kuwa aya-aya, wadda wasu ke kira jiji, masana kuma Cyperus rotundus, 'yar'uwar aya ce da kajiji. Duk da kamannin ganyenta, ba dangin gero da dawa ba ce. Mai son tabbatarwa ya murza karanta tsakanin yatsu zai ji yana da kusurwa uku. Ƙarfinta yana cikin ƙwayoyinta na ƙarƙashin ƙasa, baƙaƙe masu ɗaci da ƙamshi, waɗanda ke jere a kan siririyar igiya tamkar tasbaha. Kowace ƙwaya rumbu ce cike da abinci, tana kuma da idanu da dama. Mafi yawansu suna cikin santimita 15 na saman ƙasa, ko da yake wasu kan nutsa fiye da haka. Ba ta cika dogara da iri ba, da waɗannan ƙwayoyi take yaɗuwa.

Ɓarnarsu ga ƙaramin itace a fili take. Siraran saiwoyin da itacen ke shan ruwa da taki da su suna kusa da saman ƙasa, daidai inda ciyayin nan suka yi sansani. Duk bokitin ruwan da ɗalibi ya ɗauko, da duk kwandon takin da aka zuba, sai ciyawa ta ɗebi kasonta kafin itace ya samu. Har ila yau gwaje-gwaje sun nuna cewa dukkansu biyu suna fitar da wasu sinadarai masu danne tsiron maƙwabtansu.

Ya kamata a yi musu adalci. Kiri-kiri abincin dabbobi ne mai kyau, yana riƙe ƙasa daga zaizaya, shi ne kuma ke ƙawata filayen ƙwallo da yawa. A jihar Jojiya ta Amurka, masani Glenn Burton ya fitar da wani ingantaccen nau'insa a 1943 domin kiwon shanu. Ita kanta ayar da ake nomawa a yankin Maraɗi da arewacin Nijeriya, muna sha a kunu muna santi, tana cikin jerin Holm na miyagun ciyayi, domin a wasu ƙasashe annoba ce a gonaki. Ashe ke nan tsiro yakan zama ciyawa ne idan ya fito inda ba a bukatarsa. Kiri-kiri a makiyaya arziki ne, a gindin lemun tsami ɗan wata shida kuwa ɓarawo ne.

Yadda Fartanya Kan Zama Mai Shuka

Akwai wata ƙa'ida a rayuwar tsirrai wadda kowane mai aske shinge ya taɓa gani ko da bai san dalilinta ba. Muddin kan reshe yana nan, idanun da ke ƙasa da shi suna barci, saboda wani sinadari da kan ke aikowa yana hana su toho. Da zarar an datse kan, sai idanun su farka, reshe ɗaya ya zama biyar. Shi ya sa lallen da ake askewa yake yin duhu.

Wannan ƙa'ida tana aiki a ƙarƙashin ƙasa ma. A jerin ƙwayoyin aya-aya, kaɗan ne ke tsira a lokaci guda, sauran suna barci. Idan fartanya ta tsinke igiyar da ta haɗa su, kowace ƙwaya ta sami 'yanci, sai ta farka ta yi toho. Haka kuma idan aka daddatsa karan kiri-kiri gida goma aka bar guntayen a ƙasa mai laima, an dasa kiri-kiri goma ke nan. Mai noman rake ma da gangan yake yin haka. Bugu da ƙari, fartanyar da ta shiga gindin itace da ƙarfi tana sare siraran saiwoyinsa, ta kuma ƙuje ɓawonsa ta buɗe wa gara da cuta ƙofa.

Kada a fahimce ni da cewa noma ba shi da amfani. Abin da ke yaɗa ciyawar shi ne noma sau ɗaya a tafi a manta. A jihar Alabama ta Amurka, binciken da masana biyu, Smith da Mayton, suka wallafa a 1938 da 1942 ya nuna cewa idan aka riƙa kafce ƙasa kowane mako uku ko ƙasa da haka, har tsawon lokacin noma biyu a jere, ana iya kawar da aya-aya. Dalilin mai sauƙi ne. Duk tohon da ƙwaya ta fitar, daga rumbunta ta ciyar da shi. Idan aka bar tohon ya yi ganye sosai zai mayar da abin da ya ci har da riba, ya kuma haifi sababbin ƙwayoyi. Idan kuwa aka cire shi tun yana ƙarami, rumbu ya ragu babu mayarwa. A yi ta maimaitawa, wata rana sai rumbu ya ƙare. Matsalar makarantunmu ita ce ana noma sau ɗaya a zango, wato daidai tazarar da ciyawa take so.

Kwalbar Feshi

A 'yan shekarun nan maganin ciyawa ya shiga kusan kowace kasuwar ƙauye, har ya zama wasu ba su san wata hanya ba sai shi. Ba na cikin masu cewa a yi watsi da shi ɗungurungum, amma wajibi ne mai amfani da shi ya san abin da ke cikin kwalbar.

Akwai farakwat, wanda kamfanin ICI na Ingila ya fara sayarwa a 1962 da sunan Gramoxone. Shi wannan ganyen da ya taɓa kawai yake ƙonawa, ba ya gangarawa ƙarƙashin ƙasa. Washegari za a ga wuri ya yi ja kamar an sa wuta, mai feshi ya yi murna, alhali ƙwayoyin aya-aya da karan kiri-kiri ko gezau. Ga ɗan Adam kuwa guba ce mai tsanani. Kurɓi kaɗan yana iya lalata huhu ya kai mutum kabari, kuma ba shi da makari. An hana amfani da shi a Tarayyar Turai tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta sanar da haramta shi a Nijeriya daga farkon 2024. Maganin da bai kashe ciyawar ba amma yana iya kashe yaro, babu abin da zai kai shi harabar makaranta.

Akwai kuma gilaifoset, wanda John Franz na kamfanin Monsanto ya gano ƙarfinsa a 1970, aka fara sayar da shi a 1974 da sunan Roundup. Shi yana shiga ta ganye ya bi jikin tsiro har ƙarƙashin ƙasa, ya toshe hanyar da tsiron ke haɗa wasu sinadaran gina jikinsa. Saboda haka yana taɓa ciyayinmu biyu. Sai dai ba ya tantance ciyawa da itace. Iska kaɗan ta isa ta kai feshin kan ganyen gwaiba, ko ɗanyen ɓawonta, ko 'yan tohon da ke fitowa daga gindinta, a je garin neman gira a rasa ido. Sannan ƙwayoyin aya-aya masu barci, waɗanda ba su da ganye a sama, yawanci sukan tsira su fito daga baya. Idan aka dama shi da ruwan kududdufi mai laka ƙarfinsa yakan karye, domin yana manne wa ƙwayoyin yumɓu. Game da lafiya, a 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo ciwon, yayin da hukumomin Amurka da na Turai suka ce ba su ga wannan haɗari ba idan an bi ƙa'ida, har Tarayyar Turai ta sabunta izininsa na shekara 10 a 2023. Inda masana suka saɓa, mai hankali yakan yi taka-tsantsan. Ciyayi ma suna sabawa da shi, domin tun 1996 aka sami wata ciyawa a Ostareliya da ta daina jin sa, wasu da dama kuma sun biyo sahunta.

Akwai rukuni na uku, irin su Fusilade, masu kashe dangin gero da dawa kaɗai su ƙyale tsirrai masu faɗin ganye. Waɗannan suna aiki a kan kiri-kiri a tsakanin itatuwa, amma ba su taɓa aya-aya, tun da ita ba 'yar wannan dangi ba ce. Wanda bai murza kara ya ji kusurwa uku ba zai zubar da kuɗinsa a banza.

Matsayina shi ne, magani ya zama makami na ƙarshe. Idan ya zama dole, babban mutum ne zai yi, da safar hannu da takalmi, bisa shawarar malamin gona da abin da aka rubuta a jikin kwalbar. A kusa da itace shafawa za a yi a kan ganyen ciyawar da soso ko buroshi maimakon feshi. Kada a taɓa ba ɗalibi wannan aiki, kada a juye magani a kwalbar lemo, kada kuma a mayar da tsohuwar jarkarsa mazubin ruwa ko mai.

Rana da Inuwa

Ciyayin nan suna da rauni biyu manya. Na farko shi ne bushewa. Ƙwayar aya-aya tana iya daɗewa a cikin ƙasa, amma idan aka tono ta aka baje a rana har ruwan jikinta ya ragu zuwa kimanin kashi 15 cikin 100, ta mutu. Karan kiri-kiri ma haka yake idan ya bushe har yana karyewa. Mu kuwa Allah ya hore mana watanni masu yawa babu ruwan sama, da zafin Maris da Afrilu wanda kan kai maki 40 a ma'aunin Salshiyos. Manomin ƙasar da ake ruwa duk shekara ba shi da wannan gata. Abin takaici, da hannunmu muke zubar da shi, domin idan rani ya yi sai mu riƙa kwarara ruwa a kangon lambu gaba ɗaya, mu rayar da ciyawar da rana ta kusa gamawa da ita.

Rauni na biyu shi ne inuwa. Kiri-kiri da aya-aya suna cikin tsirran da ke haɗa abincinsu ta tsarin da ake kira C4, wanda Hatch da Slack suka bayyana a Ostareliya a 1966. Masara da dawa da gero da rake duk wannan tsari suke bi. Yana ba tsiro saurin girma a rana mai ƙarfi da zafi, amma a inuwa ribarsa takan ɓace. Duba ƙarƙashin babban mangwaro mai duhun ganye, da wuya ka ga kiri-kiri ya yi kauri. Wannan yana nuna mana cewa ba har abada za a yi yaƙin ba. Itacen da aka taimaka wa a shekarunsa biyu ko uku na farko, shi da kansa zai ƙarasa sauran da inuwarsa.

Aikin Shekara

Idan aka haɗa waɗannan bayanai, tsarin aiki zai fito da kansa, kuma da rani yake farawa. A tsakanin itatuwa, nesa da gindinsu, a tona ƙasa zurfin santimita 15 zuwa 20, a ɗaga ta a hankali maimakon a daddatsa, a bi karan kiri-kiri a zaro shi da tsawonsa, a tsince ƙwayoyin aya-aya. A bar ƙasar a buɗe rana ta dake ta mako biyu, a sake juyawa a sake tsincewa. A kusa da gindi kuwa hannu ne zai yi aiki, da ɗan tsinken ƙarfe ko tsohuwar wuƙa. Abin da aka tara kada a zuba shi a juji ko ramin taki yana ɗanye. A shanya shi a kan siminti ko tsohon kwano har ya bushe ƙayau, sannan a ƙone.

Ban-ruwa ya koma gindin itace kaɗai. Hanya mai kyau ita ce a binne tulu ko tukunyar ƙasa kusa da itacen, a bar bakinta a waje, a riƙa cika ta ana rufewa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin yumɓu zuwa saiwa, sauran fili kuwa ya zauna a bushe. Dabara ce tsohuwa, wadda manoman ƙasar Sin suka rubuta bayaninta fiye da shekara 2000 da suka wuce.

Kafin ruwan farko a rufe ƙasar. A shimfiɗa kwalaye, bakin wannan ya hau kan wancan don kada haske ya sami kafa, a bi su da busasshen ganye ko ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa, kaurin santimita 8 zuwa 10. A bar tazarar tafin hannu tsakanin shimfiɗar da jikin itace. A kewaye kangon da ɗan rami mai zurfin santimita 20, domin duk yaɗon da ya taso daga waje a gan shi a datse. Aya-aya tana da tsini, takan huda ko da baƙar leda ce, saboda haka wasu za su ɓullo. Nan ne aikin damina yake: kowane mako biyu a zagaya a cire duk tohon da ya leƙo kafin ya kai ganye biyar ko shida. Idan aji ɗaya ya raba kangaye a tsakaninsa, aikin ba zai ci lokaci mai yawa ba.

Inda tazarar itatuwa take da faɗi ana iya shuka abin da zai rufe ƙasa ya kuma ba da amfani, kamar dankali ko wake mai yaɗo ko agushi, a dai riƙa janye yaɗonsu daga gindin itace. Sannan a tsare ƙofa, domin rigakafi ya fi magani. Ƙasar da ke cikin ledar dashe, da wadda ake kawowa daga fadama don cike kango, sukan zo da ƙwayoyin aya-aya da guntayen kiri-kiri. A bincike su kafin a zuba.

Abin da Masu Ja Za Su Ce

Wani zai ce wannan wahala ta yi yawa, ga magani da araha. Amsa ita ce a yi lissafin shekara uku, a haɗa da kuɗin feshin da za a riƙa maimaitawa da na itatuwan da za a sake dasawa. Aikin da na bayyana nauyinsa yana shekarar farko, ya ragu a ta biyu, daga nan inuwa ta karɓa. Ban ce wannan tsari zai wadatar a gona mai kadada goma ba. A kan lambun makaranta da na gida nake magana, inda fili kaɗan ne, hannuwa kuwa da yawa.

Wani zai ce shimfiɗar ganye tana kiran gara da kunama da maciji. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ita ce ta sa iyayenmu suke son tsakar gida a share fes. Gara za ta ci kwalin da ganyen, sai a riƙa ƙarawa, kuma dalilin barin tazara daga jikin itace ke nan. Ɓuntu da ɓawon gyaɗa suna kwanciya lif, ba su barin kogo kamar tarin kara. Ɗalibi ya sa takalmi, ya ɗaga shimfiɗa da sanda kafin ya sa hannu. A tuna kuma cewa kiri-kirin da ya yi duhu a gindin shinge shi ma maɓoya ce. Ƙasar da aka bari tsirara kuwa rana tana ƙona ta, ruwa yana wanke ta, kuma ciyawa ce farkon mai amsa gayyatarta.

Hattara da Baƙon Tsiro

Akwai masu ba da shawarar a kawo wani tsiro mai saurin yaɗo ya danne ciyawar. Dabarar tana aiki a wasu wurare. A kudancin Jamhuriyar Benin, daga ƙarshen shekarun 1980, manoma sun yi amfani da wani nau'in karara marar ƙaiƙayi suka danne tofa a gonakinsu. Amma karara mahayiya ce, idan aka sa ta tsakanin ƙananan itatuwa su ma za ta lulluɓe su.

Tarihi yana da gargaɗi a nan. An nuna wata mahayiya mai suna kudzu, 'yar asalin gabashin Asiya, a bikin baje koli na Filadelfiya a 1876. A shekarun 1930 gwamnatin Amurka ta ƙarfafa wa manoma guiwa su shuka ta don hana zaizayar ƙasa. A 1970 ma'aikatar gona ta ƙasar ta sa ta cikin jerin ciyayi, bayan ta haye itatuwa da turakun lantarki a jihohin kudu. Haka nan wani tsiro mai ɗorawar fure da ake kira wedeliya, ɗan asalin yankin tsakiyar nahiyar Amurka, wanda ake shukawa a ƙasashe masu zafi don ya rufe ƙasa a lambunan ado, ya shiga jerin miyagun baƙin halittu 100 da ƙungiyar IUCN ta fitar a shekarar 2000. Duk tsiron da ya fi ƙarfin kiri-kiri, a tambayi wa zai fi ƙarfinsa gobe. Shi ya sa na zaɓi dankali da wake, waɗanda ake girbewa a ci a huta.

Kira ga Malamai da Ɗalibai

Darasin ciyayi yana cikin manhajar kimiyyar aikin gona, amma a makarantu da yawa a kan allo yake farawa, a kan allo yake ƙarewa. A wasu wuraren ma cirar ciyawa horo ne ga mai latti, har yaro ya tashi yana ƙin fartanya da duk abin da ya shafi ƙasa. Wannan asara ce babba, domin a gindin lallen nan akwai ɗakin gwaji wanda ba ya bukatar lantarki.

A auna fili mai tsawon santimita 50 da faɗin santimita 50, a tona zurfin santimita 15, a ƙirga ƙwayoyin aya-aya, a ninka sau 4, an sami adadin da ke cikin murabba'in mita ɗaya. A rubuta a ajiye, a sake aunawa a wuri makamancinsa bayan shekara. A ɗebi ƙwaya 40, a shanya 20 a rana mako biyu, a adana 20 a ƙasa mai laima, sannan a shuka duka a ƙirga masu tsira. A shuka jeri ɗaya na ƙwayoyi da igiyarsa, a tsittsinke wani jerin mai yawansu ɗaya a shuka, a ga wanne zai fi toho. A dasa kiri-kiri a tukwane biyu, ɗaya a rana ɗaya a ƙarƙashin mangwaro, a riƙa auna tsawon yaɗonsa kowane mako. Ɗalibin da ya yi waɗannan da hannunsa ya koyi awo da kwatanci da riƙe bayanai, ba zai kuma yarda da maganata ko ta mai sayar da magani ba sai ya gwada. Gani ya kori ji.

Ga shugabannin makarantu kuwa, roƙona shi ne a ba kowane aji kangonsa da littafin rubuta abin da aka gani, a mayar da ranar noma ɗaya ta zango zuwa zagaye gajere kowane mako biyu, a kuma tanadi wanda zai riƙa zagayawa lokacin dogon hutu, wanda ke faɗowa a tsakiyar damina, sa'ad da ciyawa ta fi samun sarari. A fitar da duk wata kwalbar guba daga ɗakin ajiyar da yara ke shiga. Dasa itace aikin yini ɗaya ne, raya shi kuwa sai an jure shekaru. Makarantar da ta fara tono a wannan rani, ta rufe ƙasa kafin ruwa ya sauka, ta kuma riƙe zagayenta damina biyu, za ta ga gwaibarta ta yi inuwar da kiri-kiri ba zai iya zama a ƙarƙashinta ba. Sannu ba ta hana zuwa.